Mai dabara, mai kuɗi, amma bai iya rubuta manhaja ba: ta ina zai fara?

A Yamai maganar takan fara ne da jimla guda: "Ina da dabara, injiniya kawai nake nema." Mai faɗarta sau da yawa ɗan kasuwa ne, ko ma'aikaciyar lafiya, ko malamin makaranta, mutumin da ya san wata matsala ciki da bai, ya kuma tara ƴan miliyoyinsa da guminsa. Abin da ke biyo baya ya zama kamar karatun da aka haddace. A samo wani yaro mai kwamfuta, a yi ciniki da baki, a ba shi rabin kuɗi kafin alƙalami. Bayan wata shida a kawo manhaja mai kyan gani wadda ke buɗewa a wayar mai ita, ta ƙi buɗewa a wayar mai saye. Injiniyan ya samu aiki a wata ƙungiya ko ya tafi ƙaro karatu, mai kamfani kuma ya waiwaya ya tarar ko kalmar sirri guda ba ta hannunsa.

Ra'ayina shi ne rashin iya rubuta manhaja bai taɓa zama abin da ke kashe irin waɗannan kamfanoni ba. Jack Ma malamin Turanci ne lokacin da shi da abokansa 17 suka kafa Alibaba a 1999. Biyu daga cikin ukun da suka kafa Airbnb zane suka karanta, kuma katifun iska suka fara bayarwa haya a ɗakinsu a 2007 kafin injiniya ya shigo cikinsu. Abin da ke kashewa shi ne mai kamfani ya ɗauki manhaja kamar gini, a ba da kwangila, a koma gida a jira ranar karɓar makulli, alhali akwai ayyukan da babu mai yi masa su.

Na farkonsu shi ne ya yi cinikin da hannunsa kafin a rubuta layin manhaja ko ɗaya. Mu ɗauki misali daga jihar Tawa. A ce dabararka ita ce haɗa manoman albasa na Galmi da Madawa da masu saye a Yamai, ko masu lodi zuwa Akara da Abijan. Kowa ya san farashi yana faɗuwa lokacin girbi, wajen Maris da Afrilu, ya kuma hau bayan watanni, shi ya sa mai hali yake zuba tasa a rudu ya jira. Kafin ka nemi injiniya, sayi layin waya na aikin kaɗai, ɗora masa WhatsApp Business wanda kyauta ne, ka tanadi littafi ko shafin Google Sheets mai gurbi bakwai: rana, mai kaya, mai saye, yawan buhu, farashi, kuɗin mota, abin da ya rage maka. Ka yi wata biyu kana haɗa cinikin da kanka. A cikin wannan lokacin za ka gano abin da babu taron ofis da zai gaya maka. Wataƙila manomi ya riga ya ci bashin dillali tun lokacin dashe, don haka albasar ba tasa ba ce da zai sayar maka. Wataƙila mai saye ba ya biya sai ya ga kaya da idonsa, saboda ana ɗora manya a bakin buhu a cusa ƙanana a ƙasa. Idan haka ne, matsalarka ta amana ce da tantance kaya, kuma manhajar nuna farashi da ka yi niyyar biya wa miliyoyi ba za ta taɓa ta ba. Wanda ya kafa Zappos a Amurka a 1999 haka ya yi: yana shiga shagunan takalma ya ɗauki hoto ya sa a intanet, in an saya ya koma ya biya ya aika da kansa.

Ga ma'aunin da nake ba da shawara a kai. Ka zauna da mutum 30 daga cikin waɗanda kake so su zama masu sayenka, kuma kada ka tambaye su ko dabararka ta yi kyau, don mutanenmu ba sa kunyata baƙo, kowa zai ce maka "wallahi ta yi." Tambaye su yaushe matsalar ta same su ta ƙarshe, nawa suka yi asara, me suka yi a kai, wa suka biya. Sannan ka nemi mutum 10 su biya ka kuɗi na gaske, ko da jika guda ce. Abin lura na ƙarshe shi ne nawa suka dawo karo na biyu ba tare da ka kira su ba. In ba a kai nan ba, da sauran lokaci. Lokacin kiran injiniya shi ne ranar da littafinka ya cika, saƙonni suka fi ƙarfinka, ka fara rikita odar mutane. A ranar ka san takamaimai wane aiki kake so na'ura ta ɗauke maka.

Daga nan sai ka dubi wayar da ke hannun mai sayenka, ka ajiye taka gefe. Tsaya a kasuwar Katako ta Yamai ko a kasuwar Tawa ranar Lahadi ka kalli yadda ake taɓa salula. Da yawa ƙaramar waya ce mai maɓallai. Masu babbar waya kuma galibi Itel ce ko Tecno mai ƙaramin rumbu wanda hotuna da bidiyo suka cika, kuma ranar da wuri ya ƙare, manhajarka ce farkon wadda za a goge. Ana sayen intanet na kwana guda, a kashe shi da zarar an gama. Ba a cika rubutu ba, murya ake aikawa. Waya guda takan yi wa gida guda aiki, mutum guda kuma yakan riƙe layi biyu ko uku, Airtel da Moov da Zamani, don haka manhajar da ta ɗauka cewa lamba guda mutum guda ce za ta haɗa lissafin mutane.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ke cin kuɗi ba a sani ba. Saƙon SMS guda yana ɗaukar haruffa 160. Amma da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ko ƴ ta shiga, ko guda ɗaya ce, tsarin yana sauyawa ya koma haruffa 70 kacal. Saƙon da ka lissafa a matsayin ɗaya sai ya zama uku, kuɗinka ya ninka uku, kuma wata tsohuwar wayar ba ta ma nuna harafin, sai ɗan akwati. Dole ka yanke shawara tun farko ko za ka rubuta da ƙugiya ko babu. Na biyu shi ne ƙirgen kuɗi. A kasuwa da dala ake magana, dala kuwa sefa 5 ce. In saƙon murya ya ce "ɗari", mai sauraro 500 ya ji. In allon ya nuna 100, wani zai karanta sefa 100, wani ya ɗauka dala ɗari ce. Injiniyan da ya yi karatu da Faransanci ba lallai ya tuna da wannan ba, kai ne za ka tuna masa. Haka batun adireshi: mai kai kaya a Yamai da kwatance yake aiki, bayan masallaci kaza, kusa da famfo, ƙofa mai launin shuɗi, don haka gurbin kwatance da na saƙon murya sun fi gurbin sunan titi amfani.

Duk wannan yana iya kai ka ga gane cewa ba ka bukatar manhajar da ake saukewa. Shafin intanet mara nauyi, ko WhatsApp da mutum a bayansa, ko lambar USSD irin wadda ake danna tauraro, suna iya wadatarwa. USSD tana aiki a kowace waya ba tare da intanet ba, sai dai tana bukatar yarjejeniya da kamfanonin waya da bin ƙa'idar hukumar ARCEP mai kula da harkar sadarwa, abin da ke ɗaukar lokaci da kuɗi. In aikin tattara bayanai ne a karkara, tsarin KoboToolbox yana ba da damar cika fom a waya babu intanet ya aika daga baya, kuma mutum yana koyonsa a kwana biyu ba tare da ya san rubutun manhaja ba.

In ta tabbata sai an gina, to rubuta abin da kake so da hannunka. Shafi uku zuwa biyar sun isa. Zana kowane allo a takarda, ka rubuta wa ke danna me, me zai faru bayan nan. Inda ya kamata ka fi daɗewa shi ne wurin da abu ke lalacewa, don nan ne injiniya yake barin rami in ba a gaya masa ba. Me zai faru in intanet ya yanke ana tsakiyar biya, kuɗi sun fita daga mai saye ba su iso gare ka ba? In mutum ya danna sau biyu, za a cire masa sau biyu? In ya ɓatar da layinsa fa? In mai kai kaya ya ce ya kai, mai saye ya ce bai gani ba, wa manhaja za ta gaskata? Sannan ka ɗauki jan biro ka soke duk abin da ba a bukata don cinikin farko ya kammala. Sigar farko da ba za ta ginu cikin sati 8 zuwa 10 ba ta yi girma.

Wajen zaɓen injiniya kada ka yi cinikin biri a sama. Takardar shaida ba za ta gaya maka kome ba tunda ba ka iya auna ta. Ka ce ya nuna maka abu biyu da ya gina waɗanda mutane ke amfani da su yau, ka buɗe su a wayarka, ka kira masu su ka tambaye su abu guda: da abin ya lalace, ya ɗauki waya? Sannan ka ba mutum biyu ko uku ƙaramin aiki iri ɗaya na sati guda, ka biya kowa. Wanda ya dawo maka da tambayoyi, ya ce wannan ba zai yiwu a wannan lokacin ba, ya fi wanda ya ce "ba matsala" ga kome. Akwai matasa masu hannu da ke fitowa daga jami'ar Abdou Moumouni, da ta Djibo Hamani a Tawa, da ta Doso, kuma cibiyar CIPMEN mai renon sababbin kamfanoni a Yamai wuri ne da ake haɗuwa da su. Abin da sabon hannu ya fi rasawa shi ne wanda zai duba aikinsa. Don haka ka ware kuɗin wani gogagge daban, wanda ba abokin na farko ba ne, ya riƙa duba rubutun na awa biyu ko uku kowane wata ya gaya maka gaskiya.

Biya kuwa a yi shi mataki-mataki. Kafin alƙalami kada ya wuce kashi 20 ko 30 cikin ɗari, sauran a raba bisa abin da ka gwada da hannunka ya yi aiki, a riƙe kashi 10 zuwa 15 har sai manhaja ta yi wata guda a hannun jama'a. Kowace Juma'a ko Asabar a nuna maka abin da ke aiki, a kan waya mai araha da ka saya don gwaji kaɗai, da intanet na salula, ba na ofis ba. Kalmar "an kusa gamawa, saura kaɗan" ba ta da ma'auni. In sati uku suka wuce ba ka taɓa sabon abu da yatsanka ba, akwai matsala, kuma ƙara mutane a kan aikin da ya makara yakan ƙara masa makara, don sababbin sai an koya musu. Kai ma da naka laifin da za ka kiyaye: duk dabarar da ta faɗo maka da dare ka aika wa injiniya da safe, ka ƙara kwanaki da kuɗi. Tara su a littafi, a duba su sau ɗaya a wata.

Yanzu ga abin da na fi damuwa da shi, makullai. Kamfanin fasaha ba shi da shago ko sito da za a nuna. Dukiyarsa asusai ne, kuma wanda aka buɗe su da sunansa shi ne mai kamfani a zahiri, ko me takarda ta ce. Sunan shafin intanet, da saba, wato kwamfutar da ake haya don manhaja ta zauna a kai, da ma'ajiyar asalin rubutun manhajar a GitHub ko GitLab, da asusun Google Play, da lambar WhatsApp, da shafin Facebook, da asusun karɓar kuɗi, duka a buɗe su da imel na kamfani da layin waya da ke aljihunka, sannan kai ka gayyaci injiniya ka ba shi izinin aiki. Yin haka ba ya ɗaukar fiye da yini guda, kuma ba zargi ba ne. Injiniya mai amana ma yana rashin lafiya, yana tafiya, kwamfutarsa tana ƙonewa a zafin Afrilu. Asalin rubutun ya riƙa shiga ma'ajiyar kowane sati, don abin da ake saukewa a waya ba a iya gyara shi in babu asalin. A cikin yarjejeniya kuma a rubuta ƙarara cewa haƙƙin mallakar duk abin da aka rubuta ya koma ga kamfani. Doka tana kallon manhaja kamar rubutun marubuci, kada ka dogara da cewa ai ka biya. Sunan kasuwancin ma a yi masa rajista a OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Afirka mai hedkwata a Yawunde. Rajista guda tana kare shi a ƙasashe 17 na tsawon shekara 10, ana kuma sabuntawa.

A kan bayanai, a riƙa ajiye kwafi kowace rana a wani wuri daban da sabar, kuma sau ɗaya a wata uku ka zauna a gabanka a dawo da kwafin a ga ko yana buɗewa. Mun ga abin da ya faru da wuta daga Agusta 2023 lokacin da aka katse layin Najeriya, mun kuma ga yadda intanet ya raunana a yankin nan a Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace. Manhajar da ba ta iya riƙe aiki a waya ta aika in hanya ta dawo, ba a yi ta don ƙasar nan ba.

Wasu za su ce hanya mafi sauƙi ita ce a ba injiniya kaso ya zama abokin tarayya. Na yarda, in kamfanin gaba ɗayansa a kan fasaha zai tsaya, abokin tarayya ya fi ɗan kwangila, don manhaja ba ta ƙarewa. Amma a san me ake bayarwa. A dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta haɗin gwiwar ƙasashen Afirka da Nijar ke bi, a kamfani nau'in SARL, wanda alhakin masu shi bai wuce jarinsu ba, shawarar yau da kullum tana bukatar masu fiye da rabin jari, sauya dokokin kamfani kuma sai masu kashi uku cikin huɗu. Ma'ana, in kun raba 50 da 50 kuka saɓa, babu mai iya motsawa. Wanda ya riƙe fiye da kashi 25 kuma yana iya tare duk wani babban sauyi, ko da ya bar aiki shekara uku da suka wuce. Maganin da kamfanonin fasaha suka saba da shi shi ne kaso ya nuna a hankali cikin shekara 4: wanda ya tafi kafin wata 12 ba ya tafiya da kome, a wata na 12 ya mallaki rubu'in kasonsa, sauran kuma kashi ɗaya cikin 48 kowane wata. Sharaɗin ya hau kan kowa, har da kai. Gyaran dokar na 2014 ya kawo nau'in SAS, wanda ya fi ba da sararin tsara irin wannan, ya kuma amince da yarjejeniyar da masu kaso ke yi tsakaninsu a gefe. Lauya ko notar ne zai rubuta maka shi yadda zai tsaya a gaban alƙali. A yi wannan magana tun ana dariya da juna, musamman in ɗan'uwa ne ko aboki, don kunyar da ta hana a rubuta yau ita ce ke raba zumunci gobe.

Rajistar kanta ba ta da wuya. A Maison de l'Entreprise ake samun lambar rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta NIF. Sai dai NIF tana zuwa da wajibin kai bayani ofishin haraji a kan lokaci, harajin TVA kashi 19 ne ga wanda ya shafa, ma'aikaci kuma sai an yi masa rajista a CNSS, asusun kula da ma'aikata. Nemi kontabul tun wata na farko, ka kuma raba aljihunka da na kamfani.

Wuri biyu ne doka ba ta wasa. In dabararka ta ƙunshi riƙe kuɗin mutane, ko adashi ne ta waya ko ajiya, ka shiga hurumin babban bankin BCEAO. Kamfanin da ke fitar da kuɗin cikin waya, irin na Airtel Money, yana bukatar lasisi da jarin aƙalla sefa miliyan 300, kuma tun 2024 sauran masu hidimar biyan kuɗi ma sai da izini. Ƙaramin kamfani ya bar kuɗi su bi ta hannun masu lasisi, banki ko Airtel Money ko Moov Money ko irin su Nita da Amana, shi ya tsaya ga hidimarsa. Haɗa manhaja da tsarinsu yana bukatar takardun kamfani da jira, don haka a fara nema tun ranar da aka fara gini. Na biyu, sunaye da lambobin waya da hotunan katin mutane amana ce da doka ta kare tun 2017, aka sabunta ta a 2022, hukumar HAPDP ke kula da ita. Kada ka karɓi bayanin da ba ka bukata, kuma jerin masu sayenka kada ya riƙa yawo a wayoyin ma'aikata.

Sai kuɗin da ke zuwa bayan bikin buɗewa, wanda yawancin mutane ba sa lissafawa. Asusun Google Play dalar Amurka 25 ne sau ɗaya, na Apple 99 kowace shekara, kuma a kasuwarmu na biyun yana iya jira. Sabon asusun da aka buɗe da sunan mutum sai manhajarsa ta yi kwana 14 a hannun masu gwaji 12 kafin a bari ta fita, don haka kada ka sa ranar biki kafin wannan. Google yana ɗaga ƙa'idarsa kowace shekara, manhajar da aka bari ba gyara takan daina bayyana ga sababbin wayoyi. Hayar saba da yuro ko dalar Amurka ake biya kowane wata. Yuro a tsaye yake a kan kusan sefa 656, dala kuwa tana hawa tana sauka. Biyan da katin banki ne, kuma in katin ya ƙare ko kuɗi suka gaza, za a aiko gargaɗi ta imel, a dakatar, daga baya a goge. Wannan imel ɗin dole ya zama wanda kake buɗewa kullum. Saboda haka in miliyan 6 gare ka, shawarata kada gini ya ci fiye da miliyan 2. Sauran na gyara ne, da neman masu saye, da albashin wanda zai ɗauki waya in an kira, har tsawon shekara.

Gasar dabaru da kyaututtuka suna da amfaninsu, amma alƙalan gasa ba su ne masu saye ba, kuma wata uku da aka kashe ana gyara jawabi an ɗebe su ne daga kasuwa. Abin da ya fi cancantar lokacinka shi ne awa guda kowace rana na wata uku kana koyon abin da zai sa ka fahimci maganar injiniyanka: bambancin abin da ke cikin waya da abin da ke kan saba, mene ne rumbun bayanai, yadda manhajoji biyu ke magana da juna, yadda ake shiga ma'ajiyar rubutu a ga ranar da aka yi aiki na ƙarshe. Ka kuma koyi kai rahoton matsala yadda za a iya gyarawa. "Ba ta aiki" ba ya taimakon kowa. Rubuta irin wayar, da layin da ke ciki, da ƙarfe nawa, da abin da aka danna ɗaya bayan ɗaya, da abin da ka zata zai fito, da abin da ya fito, ka haɗa da hoton allon.